Maman Ruƙayya

A unguwar Ɗan Iya, cikin shekarar da aka samu 'yancin kai, akwai wata dangar zana da ta raba gidaje biyu, kuma in gaskiya za a faɗa ba abin da take tarewa sai ido. Tari, atishawa, gardamar miji da mata, ƙaurin miyar da ta kama, duk wucewa suke yi ta cikinta ba sallama.

A gefe ɗaya Dorcas ce, matar Andrawus kafinta, 'yar ƙasar Bogoro, mai keken ɗinki da muryar da ko raɗa take yi sai an ji ta a bakin titi. A ɗaya gefen kuma Fatu ce, matar Hammajoda mai yi wa shanu allura, Bafulatanar rugar Tirwun da aikin miji ya kawo birni. Fura da nono take sayarwa, kuma magana tana yi mata tsada har Dorcas, farkon zuwansu, ta ɗauka ba ta jin Hausa.

'Ya'yan Fatu biyu ne. Akwai Abdulsalam, wanda kowa ke ce wa Abdu, ɗan ƙaramin yaro mai ƙiba da bai san wani wurin zama ba sai cinyar uwarsa. Sai kuma yayarsa Ruƙayyatu, 'yar fari, doguwa siririya mai manyan idanu, wadda ba ta wuce shekara tara ba. Abdu yana ce wa Fatu Inna. Ruƙayya kuwa Adda take ce mata, wato Yaya, kamar yadda ta taso ta ji ƙannen babanta suna faɗa.

Duk wanda ya tashi cikin Fulani ya san yadda ake yi da ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi, ba ta yi masa fara'a in da ido a wurin. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, irin wadda ake yabon mace da ita har bayan ranta. Kuma waɗanda suka kafa al'adar ba wawaye ba ne, ba su bar yaron a sarari ba. Ana yaye shi kaka take ɗauke shi, ita ce mai goyo, mai lallashi, mai kiran suna safe da yamma har ya gundure shi. Haka aka yi wa Ruƙayya. Nenne, mahaifiyar Hammajoda, ita ta raine ta a ruga, kuma ko laƙabi ba ta sa mata ba, don ta ce sunan ya yi mata daɗi a baki yadda yake.

To, cikin rani Nenne ta kwanta ciwon kwana kaɗan ta rasu. Aka ɗauro wa yarinyar 'yan tsummokaranta da ƙaramar ƙwaryarta aka kawo ta birni wurin iyayenta. Hammajoda ya sa ta a elementare, aji ɗaya da Paulina 'yar Dorcas. Kowa ya ce shi ke nan, yarinya ta dawo gidan ubanta. Ba wanda ya tsaya ya lura cewa an taho da rabin al'adar ne birni, an binne ɗaya rabin a Tirwun. A cikin gidan nan kaf ba mai kiran sunanta sai Abdu, shi ma Ukayya yake cewa. Uwa "ke" take cewa, ko "waccan". Uba kuwa gyaran murya yake yi.

Ba a daɗe ba ciwon ciki ya fara. Kullum da safe sai a gan ta a durƙushe bayan ɗaki ta dafe mara, ba kuka, ba ƙorafi. Ta kuma koyi tauna gefen ɗankwalinta, har kowane ɗankwali nata ya zama kamar ɓera ya kwana a kai. Aka karɓo rubutu wurin Modibbo, malamin unguwa, ta sha. Aka kai ta disfensare aka ba ta maganin tsutsar ciki mai ɗaci, ta shanye ba ta yamutsa fuska ba. Ciwo dai yana nan, yarinya sai ramewa take yi.

Kada wani ya ce Fatu ba ta damu ba. Ta damu har tana ƙona tuwo. Sai dai damuwarta ba ta san hanyar baki ba, hanyar kwano kawai ta sani. In ta tashi rabon abinci, sai ta waiga ta tabbatar ba mai kallo, ta tura curin man shanu can ƙasan tuwon Ruƙayya ta rufe da miya. Kindirmon da ya fi kauri, wanda ya kamata a kai kasuwa, shi take ɗebar mata. Sannan ta miƙa wa Abdu kwanon ta ce, "Kai wa waccan." Ina yarinya 'yar shekara tara za ta karanta soyayyar da aka ɓoye a ƙarƙashin tuwo? Ita dai abin da ta gani shi ne ko kwano ba a miƙa mata hannu da hannu.

Ga kuma Dorcas da nata ɓangaren. A wurinsu, girmamawa ce a kira mace da sunan ɗanta na fari. Ita kanta Maman Paulina ce, kuma tana jin daɗin sunan kamar sarauta. Don haka ran da ta fara jin Ruƙayya ce babba, sai ta leƙo ta saman danga da fara'arta ta ce, "Maman Ruƙayya, ki ara mini rariya." Saura kaɗan ludayi ya faɗi daga hannun Fatu. Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da dama fura kamar da bango ake magana. Dorcas ta sake kira, ta kuma sakewa, sannan ta gwada, "Maman Abdu?" Nan take Fatu ta ce, "Na'am."

Daga baya an yi wa Dorcas bayani, ta ce ta gane, amma bakinta bai gane ba. Kusan kullum sai ta fara da Maman Ruƙayya, ta ji shiru, ta tuna, ta gyara. Manya suka mai da abin na dariya. Ba wanda ya kula da cewa duk lokacin da aka yi haka akwai wata a gindin turmi da ɗankwali a baki, tana sauraron shirun.

Dorcas tana da wata dabara da yara. In ta ga Paulina ta kumbura fuska, ba ta tsare ta da tambaya. Sai ta ajiye mata faifan gyaɗa ta ce ta ɓare, ita kuma ta juya ga kekenta ta ba ta baya. Ta ce yaro in ana kallon idonsa ƙarya yake yi ko ya yi shiru, amma in hannunsa na aiki kuma ba mai kallonsa, abin da ke cikinsa da kansa yake fitowa.

Ana saura 'yan kwanaki bikin 'yancin kai, sabuwar gyaɗa ta shigo, Dorcas kuma aiki ya yi mata yawa, tana ta ɗinka wa 'yan makaranta kayan fareti. Da la'asar ta aiki Paulina sayen zare, ta ajiye wa Ruƙayya faifai. Fatu tana nata gefen a tsugune jikin danga tana wanke ƙore. Ba laɓe ta yi ba, dangar ce ba ta riƙe sirri.

Keke ya yi ta ƙara, gyaɗa tana ta ɓaruwa. Can sai muryar yarinyar ta fito a hankali.

"Maman Paulina, in mutum ya tsinci yaro a daji, dole ne ya riƙe shi har ya girma?"

Keken bai tsaya ba. Dorcas ta ce, "Wane yaro aka tsinta?"

"Ni. Ina jin Nenne ce ta tsince ni wajen kiwo. Da ta rasu aka rasa inda za a kai ni, shi ne aka kawo ni nan."

"Wa ya faɗa miki wannan magana?"

"Ba wanda ya faɗa. Ni na gane." Aka ji ɓawon gyaɗa ya fashe. "Adda ba ta taɓa kiran sunana ba. Kuma in kin ce Maman Abdu tana amsawa. In kin ce Maman Ruƙayya ba ta amsawa. Ai ba ta son yin ƙarya ne."

Yanzu kam keken ya tsaya.

"Kullum in na farka sai in ce ko yau ne za su gaji su ce in tafi. Shi ne cikina yake murɗawa. In dare ya yi ba su ce ba, sai ya daina." Sai ta ƙara da ladabi, kamar mai neman aron allura, "In sun ce in tafi, za ki karɓe ni? Na iya daka, na iya tatsa, ba na cin abinci da yawa."

Ƙwaryar da ke hannun Fatu ta nutse cikin ruwan wanki ba ta sani ba. Kunya ta sha ji a rayuwarta, ta surukai, ta miji, ta baƙi, kuma duk waɗannan kunya ce mai daɗi, wadda mace ke yafawa kamar mayafi. Wannan daban ce. 'Yar da ta yi naƙudarta kwana da yini a bukkar uwarta, ita ce take tallan kanta a gidan maƙwabta, har tana rage farashi. Ta so ta tsallaka dangar nan ta rungume ta. Abin da ta yi shi ne ta lallaɓa ta shige ɗaki don kada a san ta ji. Da daddare curin man shanun da ke ƙasan tuwon Ruƙayya ya ninka na kullum.

Washegari, bayan yara sun tafi makaranta, Dorcas ta zagayo ta ƙofa, ba ta saman danga ba, alamar maganar babba ce. Ta zauna a kan turmi ta ce, "Maman Abdu, yarinyan nan ba tsutsa ke damunta ba."

Fatu ta ce, "Na ji ku jiya."

"To tunda kin ji, magana ya ƙare. Ki kira ta ki ce mata ke kika haife ta. Na faɗa mata, amma nawa ba zai shiga ba, naki take jira."

"Da wane bakin, Maman Paulina?" Fatu ta ce, idonta a ƙasa. "Ni uwata har ta koma ga Allah ba ta kira sunan yayanmu ba. Ran da ya faɗo daga kan bishiya ya karye, tana tsaye tana tankaɗe, ba ta ajiye rariya ba. Har yau ana ba da labarinta a ruga. In na yi abin da kike faɗa, me za a ce da ita? A ce ba ta yi mini tarbiyya ba."

Dorcas ta miƙe daga kan turmi. Ta ce, "Ni dai ban san na ruga ba. Na san yarinya yana ramewa."

Fatu ta gwada kai maganar ga maigidan. Ta yi ta kewaye-kewaye, waccan ba ta jin daɗi, waccan tana tunani. Hammajoda ya saurara yana goge akwatin alluransa, kunnuwansa suka yi zafi, ya ce za ta saba, sannan ya tuna ana jiransa a masallaci. Da ya dawo ya zo da sababbin takalman roba na fareti, ya ba Abdu ya ce ya kai wa yayarsa.

Ranar Asabar ta biki, tun da sassafe Goggo Habibatu ta iso daga Tirwun da manyan ƙore biyu na nono. Yayar Hammajoda ce, kuma tun rasuwar Nenne ita ce uwa a dangin. Mace ce da ba ta faɗa, ba ta zagi, kallo ɗaya take yi wa mutum ya tafi ya yi ta tunanin laifinsa. Suka ɗauki kaya ita da Fatu, Abdu a goye, suka nufi filin da za a yi taro, don rana irin wannan mai fura ba ta zama a gida.

Filin ya cika ya batse. Duk inda ka duba tuta ce kore da fari, ga masu kiɗa, ga masu tallan rake da ƙosai, ga tsofaffi suna tambayar juna ko gobe in an wayi gari haraji zai ragu. 'Yan makaranta suka yi fareti aji-aji, kowa da 'yar tutarsa a hannu. Fatu ta hango Ruƙayya a layi na gefe, tana taku daidai cikin sababbin takalma, idanunta suna yawo cikin 'yan kallo. Da layin ya zo daidai inda suke, Dorcas, da ke tsaye can gaba da matan cocinsu, ta ɗaga hannu biyu tana kiran Paulina da Ruƙayya tana guɗa. Fatu kuwa ta sunkuya tana gyara faifan da ke kan ƙwarya, wanda ba abin da ya same shi. Goggo ta gani, ta gyaɗa kai cikin gamsuwa.

Da aka tashi daga fareti aka fara raba wa yara kofuna na tunawa da ranar, sai layi ya watse, wuri ya hargitse. Yara suka yi ca a kan malamai. Ruƙayya ba mai shiga turmutsutsu ba ce. Ta ja da baya, ta ja da baya, har ta tsaya ita kaɗai a inuwar wata lori da ta kawo 'yan makarantar ƙauye, ta ba motar baya, tuta a hannu, gefen ɗankwali a baki.

Fatu tana zuba wa wani nono ta ji an ta da injin. Ta ɗaga kai ta ga lorin ta fara ja da baya sannu a hankali, direba yana leƙen ɗaya gefen, kiɗa kuma ya hana kowa jin komai. Tsakaninta da wurin akwai jama'a da yawa.

Ta miƙe ta ce, "Ke! Ke yarinya!"

'Yan mata sun fi ashirin da suka waigo, kowace da kayan fareti iri ɗaya. Ban da wadda ake kira. Tayar motar ta ƙara matsowa.

Fatu ba ta san lokacin da ta yi fatali da ƙwaryar nono ba. Ta buɗe murya, muryar da ba wanda ya san tana da ita, irin ta kiran shanu daga hayin rafi.

"Ruƙayya! Ruƙayyatu!"

Yarinyar ta ji, don kanta ya ɗan motsa. Amma ba ta waigo ba. Ta ci gaba da tsayuwarta tana kallon yaran da ke kokawar kofi.

Dorcas ce kiran ya sa ta juyo. Ta ga abin da ke faruwa, ta ce, "Ruƙayya, zo nan da gudu." Ko ƙarfin muryarta ba ta sa ba. Kafin ta rufe baki yarinyar ta taho a guje ta faɗa jikinta, mutane suka bubbuga jikin lori, direba ya taka birki, tayar ta tsaya a kan 'yar tutar da ta yar.

Fatu ta tsaya a tsakiyar fili, nono ya jiƙa mata zane har ƙafa, Abdu yana tsala kuka a bayanta. Ta ga 'yarta a ƙirjin wata ana shafa mata kai. Ta juyo ta ga Goggo Habibatu ta rufe baki da gefen mayafi, da wasu matan ruga biyu masu tallan nono suna kallon ƙasa don taya ta jin kunya. Ta rasa wacce za ta ji da ita, kunyar ta kira sunan a gaban duniya, ko kunyar ta kira ba a amsa ba. Ta durƙusa ta fara tattara fasasshiyar ƙwarya.

Suka kamo hanyar gida har suka shigo unguwa. Sannan Goggo ta ce, ba tare da ta dubi Fatu ba, "Allah ya kiyaye, mun gode masa. Amma da kin ce Maman Paulina ta kira ta, ai da ya wadatar. Gobe duk Tirwun za a ji."

"Haka ne, Goggo."

"Ni ma 'yar fari ce. Nenne ba ta taɓa kiran sunana ba, ga ni ban mutu ba."

Fatu ta yi tafiya kaɗan. Ba ta taɓa mayar wa Goggo magana ba, kuma yanzun ma a ƙasa ta ajiye ta. "Ke kakarku tana raye har aka kai ki ɗaki, Goggo. Waccan ba ta da kowa."

Goggo ta yi kamar ba ta ji ba. Amma ba ta koma ruga ran nan ba, ta ce ƙafarta na ciwo.

Ranar Lahadi da la'asar gari ya yi shiru, kowa ya gaji da biki. Goggo tana kan tabarma a inuwar ɗaki tana jan carbi. Hammajoda ya fita. Fatu ta daɗe tana kai da kawowa a tsakar gida, ta ɗauki wannan ta ajiye wancan. Daga nan ta shiga ɗaki ta fito da mataji da tsinken kitso da ɗan kaskon man shanu, ta zauna a kan kujera 'yar tsugune, ta ce, "Ke, zo ki zauna. Kanki ya tsufa."

Ruƙayya ta dubi bayanta ta ga ko da wata ake. Tun zuwanta birni Dorcas ce ke yi mata kitso. Ta taho a ɗarare ta zauna a ƙasa tsakanin ƙafafun Fatu, ta ba ta baya, ta miƙe wuya kamar wadda za a yi wa allura.

Fatu ta fara tsefewa. Gashin irin nata ne sak, laushinsa da tsawonsa, har da 'yar murɗewar da ke bayan kunnen hagu. Rabon da ta taɓa kan nan tun ran da aka yaye ta. Ta gane gaskiyar Dorcas, in ba ido cikin ido magana ta fi sauƙin fitowa. Duk da haka sai da ta gama tsefe rabin kai kafin ta iya.

"Jiya ba ki ji ana kiranki ba?"

"Na ji, Adda."

"To me ya hana ki waigowa?"

Yarinyar ta kai gefen ɗankwalin da ke cinyarta baki, ta yi magana ta cikinsa. "Na ɗauka uwar wata Ruƙayya ce take kiran 'yarta."

Hannun Fatu ya tsaya cikin gashin. Carbin Goggo ma ya tsaya. Fatu ta ji hawaye ya taho, ta haɗiye shi, don ko yanzu ba za ta yi kuka a gaban yayar miji ba. Ta so ta ce ni ce, ni na kira, ni na haife ki a bukkar da ke kusa da tsamiya, ba wanda ya tsince ki kuma ba inda za ki. Maganar tana nan cikakkiya a ƙirjinta, amma harshe ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Jiya tsoro ne ya fizge sunan daga bakinta. Yau ba lori, ba kiɗa, sai Goggo a kan tabarma. Ta lakato mai ta shafa, ta tsaga layi, ta fara kitsawa, tana jin haushin kanta.

Suna cikin haka aka ji motsi a bayan danga. Dorcas ta dawo daga gaishe-gaishen bayan coci, tana neman abin da za ta tankaɗe gari. Kamar kullum, bakinta ya riga tunaninta.

"Maman Ruƙayya, rariyan nan naki yana kusa?"

Fatu ta ji wuyan yarinyar ya sandare a ƙarƙashin hannunta. Ba ta taɓa sanin haka jikin nan yake yi ba duk lokacin da aka yi wannan kira, sai yau da take riƙe da shi. Kafaɗun sun ɗaga, numfashi ya tsaya, yarinyar tana jiran shirun da ta saba. A bayan danga Dorcas ta tuna, ta ja tsaki don haushin kanta, ta fara gyarawa, "Au, Maman Ab..."

"Na'am," in ji Fatu.

Muryar ta fito a shaƙe, sai ta sake, yadda za a ji har zaure. "Na'am, Maman Paulina. Tana nan. Bari in gama wa Ruƙayya kitso in miƙo miki."

Kunya ta rufe ta tun daga kai har tafin ƙafa, ba ta iya duban inda Goggo take ba. Abin da ta ji kawai shi ne ƙarar carbi ya ci gaba, ɗaya bayan ɗaya. Can bayan danga kuwa, karo na farko tun da aka kafa ta, ba a ce komai ba.

Ruƙayya ba ta waigo ba. Kafaɗunta suka sauka a hankali, ɗankwalin ya zame daga bakinta ya faɗi a cinya. Sannan ta kwantar da kanta baya, ta jingina shi da gwiwar uwarta da dukan nauyinsa, har layin da aka tsaga ya karkace. A haka kitso ba ya yiwuwa, kowace mace ta sani. Fatu ba ta ce ta gyara zama ba.